Haɗarin Babur: Yadda Za Ka Kare Kanka da Abin Yi Idan Ya Faru

Babur na daga cikin abubuwan hawa da suka fi yawa a garuruwa da ƙauyukanmu. Da shi ake kai yara makaranta, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, kuma dubban 'yan acaɓa da shi suke ciyar da iyali. Sai dai mai babur ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi kamar na cikin mota, don haka idan aka yi karo jikinsa ne ke karɓar bugun kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Raunukan da aka fi samu

Wanda ya fi kisa shi ne raunin kai. Bayan shi akwai karayar ƙafa, musamman ƙwauri da cinya, raunin wuya da ƙashin baya wanda kan taɓa laka ya jawo shanyewar jiki, zubar jini a cikin ciki ko ƙirji, ƙujewar fata, da ƙunar salansa da ke yawan samun yara da matan da aka goyo.

Me ya sa hular kwano take da muhimmanci?

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugi kwalta, ƙashin yakan tsaya nan take, ita kuwa ƙwaƙwalwar sai ta bugi bangon ƙoƙon daga ciki, ta ƙuje ko jijiyar jini ta fashe. Soson da ke cikin hular kwano shi ke shanye ƙarfin bugun kafin ya isa gare ta. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, hula mai inganci da aka sa daidai tana rage yiwuwar raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100.

A Najeriya an fara tilasta sa ta tun ranar 1 ga Janairun 2009, ga direba da fasinja. Domin ta yi maka amfani:

• Ta zauna daidai da kanka, ba ta juyawa idan ka girgiza kai.
• Ka ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba takan tashi kafin kai ya kai ƙasa.
• Hular leburorin gini ba ta maye gurbinta.
• Idan ta taɓa shan bugu mai ƙarfi, ka sauya ta ko da ba ka ga tsagewa ba.
• Idan kana ƙyamar sa wadda wani ya sa, ka sa hankici ko siririyar hula a ƙasa.

Wasu matakan kariya

Ka rage gudu, domin kowane ƙarin gudu yana ƙara nisan da za ka yi kafin burki ya tsayar da kai. Kada ka hau babur bayan shan giya, tramadol, kodin ko maganin mura mai sa barci. Masu shan ƙwaya don su jure aiki su sani cewa tramadol na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya a kan hanya. Kada ka amsa waya kana tuƙi. Kada ka ɗauki fiye da mutum ɗaya, kuma kada ka ɗora ƙaramin yaro a kan tanki. Ka duba burki, taya, fitila da madubi kafin ka fita, ka sa riga mai haske da dare. Kada ka raɓi tirela ko tanka, domin akwai wuraren da direbanta ba ya hango ka. Mata su tattare hijabi da zane don kada taya ta naɗe su.

Idan haɗari ya faru a gabanka

1. Ka tsayar da ababen hawa don kada a ƙara taka wanda ya faɗi, sannan ka kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112.
2. Kada a ɗaga shi zaune, kada a ja shi da hannu ko ƙafa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa.
3. Kada a cire masa hular kwano, sai idan ta hana shi numfashi ko yana amai.
4. Ka danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, toka ko man burki a ciwo.
5. Kada a ba shi ruwa ko madara. Zai iya shaƙewa, kuma wataƙila ya buƙaci tiyata.
6. Idan dole a ɗauke shi, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure.

Alamomin da ba a jira da su

Wani yakan tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida, alhali jini na taruwa a hankali cikin kansa. Bayan 'yan sa'o'i sai ya suma. Saboda haka, duk wanda ya bugu a kai a sa masa ido na aƙalla sa'o'i 24, kuma a garzaya da shi asibiti idan an ga:

• suma, ko da ta ɗan lokaci ce
• ciwon kai mai ƙaruwa ko amai fiye da sau ɗaya
• barcin da ake shan wuyar tashinsa, ruɗewa ko sambatu
• jini ko ruwa daga kunne ko hanci
• jijjiga, ko mutuwar hannu ko ƙafa
• ciwon ciki, jiri ko wahalar numfashi

Game da ɗori

Karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ke kusa da gaɓa, ta asibiti ce. Ɗaurin kara mai tsauri a kan ƙafar da ke kumbura yana toshe jini, naman ya mutu, har ta kai ga yankewa. Idan yatsu suka yi sanyi, suka yi baƙi ko suka daina ji, a kwance ɗaurin a tafi asibiti nan take. Duk mai buɗaɗɗen rauni kuma a duba ko yana buƙatar allurar tetanus.

Haƙƙinka

Mai babur yana da haƙƙin hanya kamar mai mota, don haka direbobi su ba shi tazara idan za su wuce shi, su duba madubi kafin buɗe ƙofa. Kai fasinja, kana da ikon cewa a rage gudu, ko a tsaya ka sauka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Kada tsoron kuɗi ko rahoton 'yan sanda ya sa ka jinkirta kai wanda ya ji rauni asibiti mafi kusa.