Malamar lakwal da ɓerayenta dubu goma sha ɗaya

Ranar wata Laraba ina koya wa yara darasin dabbobi masu shayarwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, na ji a rediyo an gwada magani a kan ɓera. Wa ke kamo musu shi?" Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, don a wurinmu ɓera, ko kusu kamar yadda muke cewa a gida, ɓarawon rumbu ne, tarko da kyanwa su ne rabonsa. Amma tambayar ta yi ma'ana. Ba kamo shi ake yi ba, kiwonsa ake yi, kuma tarihin kiwon nan ya bi ta hannun wata malamar lakwal irina.

Tun kafin masana su waiwayi ɓera, masu sha'awa ne suka fara ajiye shi. A Japan, a shekarar 1787, an buga wani ɗan littafi mai koya yadda ake haɗa ɓeraye don a samu fari, ko baƙi, ko mai dabbare-dabbare. Daga baya sha'awar ta isa Ingila, inda a 1895 aka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓeran ado, suna gasa da shi kamar yadda ake gasar raguna. Waɗannan ɓeraye sun saba da hannun mutum, kuma an san launin iyayensu. Shi ya sa a 1902 Lucien Cuénot, wani masani a birnin Nansi na Faransa, ya iya nunawa da ɓera fari da mai launin toka cewa ƙa'idar gadon halitta da Mendel ya gano a jikin wake tana aiki a kan dabba ma.

A daidai lokacin ne Abbie Lathrop ta shigo labarin. An haife ta a Amurka a 1868, ta yi aikin koyarwa, sai ciwon ƙarancin jini ya raba ta da aji. A 1900 ta koma wata gona a garin Granbi, jihar Masacusets, ta gwada kiwon kaji, abin bai yi ba. Sai ta juya ga ɓerayen ado tana sayar wa masu sha'awa. Tana ajiye su cikin akwatunan katako da shimfiɗar ciyawa, tana ba su biskit da irin hatsin da ake ba dawaki a can, yaran unguwa kuma suna taya ta shara tana biyansu. A hankali yawansu ya wuce 11,000, masanan jami'ar Habad kamar William Castle suka zama masu saye a wurinta.

Duk wanda ya san ɓera ya san wuyar wannan aiki. Ciki kwana 19 zuwa 21 ne. Ƴaƴan suna zuwa tsirara, ido rufe, sai wajen mako biyu idon ke buɗewa. A kwana 21 ake yaye su, kuma uwar tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Da sun kai mako shida zuwa takwas su ma sun isa haihuwa. Saboda haka ranar yaye ita ce ranar raba maza da mata. In ka yi sakaci na ƴan makonni, akwati ya cakuɗe, ba ka ƙara sanin wa ya haifi wa. A nan ne tarbiyyar aji ta yi wa Lathrop rana: kowane gida na ɓera da lissafinsa, kamar yadda muke riƙe littafin kiran suna.

Wajen 1908 ta lura da wasu ƙulle-ƙulle a jikin wasu ɓerayenta. Ta aika wa masana, Leo Loeb ya tabbatar mata sankara ce. Suka shiga aiki tare, ita a gona tana haɗawa tana rubutawa, shi a ɗakin bincike. Tsakanin 1913 da 1919 takardun bincike goma suka fito da sunansu biyu. Sun nuna sankarar mama ta fi yawa a wasu gidajen ɓera fiye da wasu, kuma in an cire wa mace ƙwayayen haihuwa tun tana ƙarama, cutar tana raguwa. Ba ta ga fitowar na ƙarshe ba, don ciwonta ya ɗauke ta a 1918.

Ɗalibin Castle, Clarence Little, shi ya ɗora daga nan. Tun 1909 ya fara haɗa wa da ƙanwa, tsatso bayan tsatso. In an yi haka sau 20 a jere, ɓerayen sun zama kusan kamar tagwaye, ta yadda in an ba rabi magani aka hana rabi, bambancin da aka gani na maganin ne. A 1921 ya haɗa wata mace mai lamba 57 daga zuriyar gonar Lathrop, aka samu baƙin ɓeran da ake kira C57BL. A 1929 ya kafa cibiyar Jackson a jihar Men. A can ne John Bittner ya gano a 1936 cewa in an ɗauke jariran ɓera daga uwa mai gadon sankara aka ba wata ta shayar da su, cutar tana raguwa ƙwarai, wato akwai abin da ke bin nono, wanda daga baya aka gane ƙwayar cuta ce. Da ba a rubuta wa ta haifa, wa ta shayar ba, da ba a gane ba.

A watan Oktoba na 1947 gobara ta cinye cibiyar, ɓeraye kusan 90,000 suka ƙone. Masu binciken da aka taɓa aika wa iri suka yi ta maido da namiji da mace, aka sake tayar da zuriya, don kowane iri an san asalinsa. A 2002, da aka karanta dukan tsarin gadon halittar ɓera, jikar waccan mai lamba 57 aka ɗauka.

Washegari na ba yarinyar amsarta. Ta ce: "To Mushe, don me aka sa wa ɓeran lamba, ba a sa masa sunan matar ba?" Na rasa ta cewa. Amma tun daga ranar, in na zauna da dare ina cika littafin maki a hasken fitila, aikin da babu mai yaba maka a kansa, nakan tuna da Lathrop, in ƙara duba layin kowane yaro sau biyu. Allah ya sa mu riƙe amanar abin da aka ba mu lissafi.