Kifin Ado a Gida: Yadda Ake Kiwonsa, Abin da Ke Kashe Shi, da Yadda Ake Jure Rashinsa

Kifin ado shi ne kifin da ake ajiyewa a tankin gilashi domin kallo da ɗebe kewa. Tankin shi ake kira akwariyom. A manyan biranen yankinmu ana ganinsa a falon gida da otal da ofis, wasu iyayen kuma kan saya wa yara shi a ɗan kwanon gilashi. Sau da yawa ba a yin wata guda sai a wayi gari kifin yana yawo a saman ruwa, ciki sama. Akasarin irin wannan mutuwar daga ruwan take, kuma ana iya kauce mata. Wanda ya san dalili yakan ceci sauran kifayensa, ya kuma sami sauƙin zargin kansa.

Asalin al'adar

A ƙasar Sin aka fara kiwon kifi don ado, sama da shekara dubu da suka wuce. Masu kududdufai sun riƙa ware kifaye masu jan launi daga cikin wani kifin ruwan daɗi mai launin toka, suna haɗa su da junansu, har aka sami kifin zinariya. A zamanin daular Song (960 zuwa 1279) kiwonsa ya riga ya kafu. Daga can ya shiga Japan, sannan ya isa Turai a ƙarni na 17.

Tankin gilashi ya zo daga baya. A 1832 wata Bafaranshiya mai nazarin halittun ruwa, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera akwatunan gilashi a tsibirin Sisili don ta riƙa lura da dabbobin teku da ransu. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe akwariyom na farko da jama'a ke shiga kallo, a 1854 kuma littafin Philip Henry Gosse ya yaɗa kalmar a Ingila.

Nau'o'in da aka fi samu

Kifin zinariya, wanda masu shago a ƙasashen Faransanci ke kira poisson rouge, shi ya fi yawa a kasuwa. Idan ya sami kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15, irin na gama-gari kuma yakan kai santimita 20 zuwa 30. Wani mai suna Tish ya mutu a Ingila a 1999 yana da shekara 43, ya shiga kundin Guinness. Saboda haka wanda ya mutu cikin wata biyu bai yi tsufa ba.

Gupi ƙaramin kifi ne mai wutsiya kala-kala, ɗan asalin arewacin Kudancin Amurka da tsibirai irin su Tirinidad. 'Ya'ya yake haifa da ransu, yana cin tsutsar sauro, kuma rayuwarsa shekara 2 zuwa 3 ce.

Beta, kifin faɗa na ƙasar Tailan, yana da wata gaɓa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa. Maza biyu ba sa zama tanki ɗaya, sai ɗaya ya illata ɗaya. Yakan yi shekara 2 zuwa 4.

Wasu kifayen da ake ji da su a shagunan Turai daga kogunan Afirka ta Yamma suka fito. Kiribensis ɗan kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru, kifi mai hancin giwa kuma ana samunsa a kogin Neja da na Kwango.

Ruwa shi ne komai

Hausawa na cewa kifi a ruwa sarki ne. A tanki sarautar tana hannun mai kula da ruwan, domin kifin a ciki yake ci, a ciki yake numfashi, a ciki yake kashi.

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kafofin numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su zama amoniya. Kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona kafofin numfashin. A tankin da ya daɗe, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin matata da tsakuwa suna mayar da amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da nitirit nitirat, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canja ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma sai sun ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Shi ya sa kifin da aka zuba ranar da aka sayi tanki yakan mutu a makonnin farko, ruwan kuwa garau a ido.

Ƙa'idojin da masu kiwo suka dogara da su:

- A kunna matata tankin ya yi makonni yana aiki, ana ɗan jefa abincin kifi a ciki, kafin a kawo kifi. A fara da kaɗan.
- Kifin zinariya ɗaya na buƙatar kusan lita 75, beta ɗaya aƙalla lita 20. Kwanon gilashi mai zagaye ba ya ɗaukar matata kuma bakinsa ya yi ƙanƙanta ga shigar iska. Birnin Roma ya hana ajiye kifi a cikinsa tun 2005.
- Duk mako a canja kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan. Kwashe shi gaba ɗaya da wanke tsakuwa ƙal yana kashe ƙwayoyin masu amfani.
- Soson matata a ruwan da aka ɗebo daga tankin ake ɗauraye shi. Sabulu, omo da javel ba sa kusantar tanki.
- Ruwan famfo na ɗauke da kulorin. A bar shi a buɗaɗɗen bokiti awa 24, ko a sa maganin cire kulorin. Inda kamfanin ruwa ke amfani da kuloramin, ajiyewa ba ta isa, sai da maganin.
- Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da zai ƙare cikin minti biyu. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin tanki.
- Sabon kifi a bar ledarsa ta yi minti 15 zuwa 20 a saman ruwan tankin kafin a sake shi. Idan da hali a keɓe shi mako 2 zuwa 4 a wani mazubi.

Zafi, hunturu da ɗauke wuta

Kifin zinariya ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 18 zuwa 24, gupi da beta kuma 24 zuwa 28. A garuruwa irin su Njamena, Marwa da Yamai, zafin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9 a digiri 20, amma kusan 7.5 a digiri 30, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Mazauna irin waɗannan wurare gara su zaɓi kifin ƙasashen zafi. A nisanta tanki da taga, a buɗe murfi, a juya fanka ta riƙa bugun saman ruwan. Ana iya jefa rufaffiyar gorar ruwan sanyi a ciki, amma a sauke zafin sannu a hankali, domin canjin farat ɗaya ma yana kisa.

Da hunturu lamarin yakan juya. Sanyin asuba na raunana gupi da beta, sai cuta ta samu ƙofa. Lulluɓe tanki da bargo da dare yana taimakawa.

Idan an ɗauke wuta, matata da injin iska sun tsaya. A dakatar da abinci, domin lafiyayyen babban kifi yana jure kwanaki ba ci. Lokaci-lokaci a ɗebi ruwan da kofi a zubo shi daga sama don iska ta shiga. Ƙaramin injin iska mai batir ya fi kowace ƙawa amfani a gidan da wuta ba ta tsayawa.

Akwai kuma maganin sauro. Na feshi da na hayaƙi galibi suna ɗauke da sinadaran da ke da mugun dafi ga kifi. Kafin a fesa ɗaki a kashe injin iska, a rufe tankin ruf, kada a buɗe sai iska ta wanke ɗakin.

Alamomin ciwo

Kifin da ya taso sama yana haki, iska ce ta yi ƙaranci ko amoniya ta yi yawa. Fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki alamar wata ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa, tana kuma jin magani idan an farga da wuri. Fikafikai masu yagewa da tsukewa galibi ƙazantar ruwa ce. Kumburin ciki tare da ɓawon jiki da ya miƙe tsaye na nuna kayan ciki sun lalace, ba kasafai ake tashi ba. A kowane hali matakin farko shi ne canja wani ɓangare na ruwan, sannan a nemi magani.

Idan ciwo ya kai inda ba dawowa, man kanumfari shi ne hanyar da ta fi sauƙi ga kifin. Ana kaɗa kusan mililita 0.4 ga kowace lita ɗaya a ɗan ruwa, a zuba a hankali cikin mazubin da aka keɓe shi. Yakan fita hayyacinsa, numfashi ya tsaya. Jefa shi masai ko firiza da ransa azabtarwa ce. Binciken Lynne Sneddon na 2003 ya nuna cewa kifi na da jijiyoyin da ke karɓar saƙon ciwo.

Idan ya mutu

A tabbatar tukuna. Kifin da sanyi ya kama yakan kwanta a ƙasa shiru. Idan murfin kafofin numfashi ya yi minti goma bai motsa ba, ido kuma ya dushe, ya mutu. A cire shi nan take da 'yar raga, domin gawar na ƙara amoniya. A sa safar hannu ko leda, musamman mai rauni a hannu, a kuma wanke hannu da sabulu, saboda akwai ƙwayar cutar kifi da ke haddasa gyambo a fatar mutum. A canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a sa ido kan sauran kifayen.

Gawar a binne ta da ɗan zurfi yadda kyanwa ba za ta tono ba, nesa da rijiya, ko a ƙulle ta a leda a sa a shara. Kada a jefa ta kogi ko tafki, don cutar na iya kama karfasa da tarwaɗar da jama'a ke ci. Mai ran ma ba a sakinsa can. A kogin Vasse na Ostareliya an kama kifayen zinariya da aka yasar sun kusa kilo 2, suna dagula ruwa suna cinye ƙwan kifayen gida.

Baƙin cikin da ba a yi wa gaisuwa

Wanda kifinsa ya mutu ba a zuwa yi masa ta'aziyya. Abin da ya fi ji shi ne, ai kifi ne, ga su nan tuli a kasuwa. A 1989 masani Kenneth Doka na Amurka ya yi bayanin irin wannan baƙin ciki da jama'a ba ta amince da shi ba, wanda mai shi kan ɓoye don kunya, ɓoyewar kuma ta ƙara masa nauyi.

Sabo ake yi wa kuka, in ji Hausawa, kuma da kifi ma ana sabawa. Yakan gane lokacin abinci, ya taso gaban gilashi idan mai shi ya matso. Zancen cewa ƙwaƙwalwarsa daƙiƙa uku ce ba shi da tushe, gwaje-gwaje sun nuna kifin zinariya na riƙe abin da ya koya har watanni. A 2016 masu bincike na jami'o'in Oxford da Queensland sun nuna wani kifi mai tofa ruwa yana iya zaɓo fuskar mutum ɗaya daga cikin wasu 44. Ga ɗalibi ko ɗan ci-rani da ke zaune shi kaɗai a ɗaki, nesa da dangi, tankin kan zama abin da ke jiransa idan ya dawo.

Zargin kai shi ya fi ci wa masu kiwo rai. Abin da ke rage shi shi ne bin diddigi: yaushe aka canja ruwa, an ɗauke wuta, an fesa magani, an kawo sabon kifi? Wani lokaci kifin da ciwonsa ya baro shago, ko shekarunsa ne suka cika. Idan kuskure ne, an gano abin gyara. Faɗa wa wanda zai saurara ba tare da dariya ba yana taimakawa, haka ajiye hoto. Idan damuwar ta yi makonni tana hana barci da aiki, ya kamata a ga ma'aikacin lafiya, don wani lokaci ƙaramin rashi yakan tayar da tsohon ciwo.

Yadda ake gaya wa yara

Ga yara da yawa wannan ce mutuwar farko da suka gani kusa. Ƙasa da shekara 5 yaro bai cika gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa ba, sai wajen 5 zuwa 7 fahimtar ke zama. A gaya masa gaskiya a taƙaice: kifin ya mutu, ba ya numfashi, ba ya jin ciwo. Cewa barci yake yi kan sa yaro tsoron kwanciya. Sauya kifin a ɓoye kuma, ranar da ya gane, yarda ce ta tafi. Idan shi ya cika abinci, a nuna masa kula da tanki aikin manya ne. A bar shi ya taya binnewa in yana so.

Rarrashin yaro a kan irin wannan rashi tsohon abu ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, wanda Annabi (SAW) yakan tambaye shi labarinsa cikin raha. Wasu ruwayoyin sun ce tsuntsun mutuwa ya yi, aka ga yaron cikin damuwa.

Kafin a sayi wani

A dakata mako 2 zuwa 4 a ga lafiyar sauran kifayen. Idan duka suka mutu da cuta, a wanke tanki da ruwan zafi, a shanya shi a rana, a sake tayar da matata daga farko. Sannan a duba girman tankin, zafin garin da yanayin wuta, a zaɓi kifin da zai iya zama da su. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya ba wani mai kiwo tankin, ko ya bar shi da tsirran ruwa kawai har ranar da ya shirya.