Tarihin Kamun Kifi ta Ƙarƙashin Ƙanƙara a Kogin Rainy

Kogin Rainy yana kan iyakar Amurka da Kanada. Daga tafkin Rainy yake fitowa, ya yi tafiyar kilomita kusan 137 yana nufar yamma, sannan ya faɗa cikin babban tafkin nan mai dubban tsibirai da ake kira Lake of the Woods. Gaɓarsa ta kudu jihar Minnesota ce, ta arewa kuwa lardin Ontario. Yankin yana cikin wurare mafi tsananin sanyi a Amurka: a garin International Falls da ke mafarin kogin, sanyi ya taɓa kaiwa digiri 48 ƙasa da sifili a watan Janairun 1909. Daga Disamba zuwa Maris saman ruwa yakan daskare a yawancin kogin da kuma Lake of the Woods, har mutum ya taka ya wuce. A waɗannan watanni ne ake huda ƙanƙara a zura ƙugiya, kuma kifaye biyu da aka fi nema su ne walai da soga.

Kifayen nan biyu dangin juna ne na kusa. Walai ya fi girma, jikinsa ruwan zinariya ne mai duhu-duhu, kuma akwai farin tabo a ƙasan wutsiyarsa. Mafi girma da aka taɓa kamawa da ƙugiya a Minnesota, a 1979, nauyinsa ya kusa kilo 8, amma wanda ake kai wa gida a soya bai cika wuce kilo ɗaya ba. Soga ƙarami ne, yana da baƙaƙen ɗigo-ɗigo a ƙayar bayansa, kuma ya fi ɗan'uwansa jure wa gurɓataccen ruwa mai laka da wuri mai zurfi. Dukansu suna da wata shimfiɗa a bayan ido da ke mayar da haske, shi ya sa suke gani a wurin da ƙananan kifaye ba sa gani. Wannan baiwa ita ce ta tsara lokutan masunta tun fil'azal, domin kifin ya fi farauta da asuba da kuma gab da magariba, ko a ranar da gari ya lumshe.

Dalilin da ya sa kifi ke rayuwa ƙarƙashin ƙanƙara shi ne ruwa ya fi nauyi idan yana kan digiri 4, don haka mai ɗan ɗumi yake sauka ƙasa, mai daskarewa ya tsaya a sama ya zama murfi. Walai da soga ba sa daina cin abinci da hunturu. Da kaka, wasu ƙananan kifaye masu sheƙi sukan baro tafki su shiga kogin garke-garke, walai ya bi su a baya, wani sashe kuma ya yi zamansa a kogin har ƙanƙara ta rufe. Idan hunturu ya zo ƙarshe sai wasu su ƙara hawowa don zuba ƙwai a kan tsakuwa.

Mutane sun daɗe suna cin arzikin wannan kogi. A inda kogin Big Fork ya haɗu da shi akwai wani tudun kabari da ake kira Grand Mound, wanda mutanen dā suka tara tun kimanin shekara dubu biyu da suka shige, akwai kuma wasu tuddan irinsa a ɓangaren Kanada kusa da gangaren ruwan Long Sault. Kifi ne ya riƙa tara jama'a a waɗannan wurare, musamman wani ƙaton kifi mai suna istajin da kan fi mutum tsawo. Daga ƙarni na 18, ƙabilar Ojibwe ce ta fi rinjaye a yankin. A wurinsu watannin sanyi watannin yunwa ne. Shinkafar daji da busasshen kifin da aka tanada da kaka ba kullum suke kai iyali zuwa narkewar ƙanƙara ba, farauta kuma ba ta da tabbas. Kifin da aka ciro daga ƙarƙashin ƙanƙara shi ke cike wannan giɓi.

Hanyoyinsu biyu ne manya. Ta farko ita ce sukar kifi da mashi. Masunci yakan sare ƙanƙara ya yi rami, ya kwanta rub da ciki a kan rassan itace, ya lulluɓe kansa da ramin da fata ko bargo don kada haske ya shiga. Da duhu ya rufe shi, sai cikin ruwa ya haskaka masa, yana ganin kifi, kifi ba ya ganinsa. Da hannu ɗaya yake kaɗa wani ɗan kifin itace da ya sassaƙa ya ɗaure da zare, aka sa masa nauyi don ya nutse, ɗaya hannun kuma yana riƙe da mashi. Wani ɗan kasuwar fatu mai suna Alexander Henry ya ga irin wannan su a yankin manyan tafkunan Amurka ta Arewa a shekarun 1760, ya kuma bayyana shi a littafin tafiye-tafiyensa da aka buga a 1809. Aikin yana buƙatar haƙuri da juriyar sanyi da ba kowa ke da su ba, kuma sassaƙa kifin itacen da zai yi iyo kamar mai rai sana'a ce mai zaman kanta.

Hanya ta biyu ita ce shimfiɗa koma ƙarƙashin ƙanƙara. Ana jera ramuka a layi ɗaya, a ɗaura igiya a jikin doguwar sanda, a riƙa tura sandar daga wannan rami zuwa wancan har igiyar ta kai ƙarshe, sannan a ja komar ta miƙe a cikin ruwa, itace na ɗaga samanta, duwatsu na riƙe ƙasanta. A farko da zaren tsirrai ake saƙa komar, kuma mata ne suka fi yin saƙar. Wannan dabara ta fi mashi kawo kifi da yawa, ita ce kuma Turawa 'yan kasuwar fatu suka koya suka rayu da ita. Bafaranshe Jacques de Noyon ya iso yankin a 1688, sannan mutanen wani ɗan kasuwar fatu mai suna La Vérendrye suka kafa sansani a bakin tafkin Rainy a 1731, da wani a Lake of the Woods a 1732. Mazauna irin waɗannan sansanoni sun dogara ƙwarai da kifi da shinkafar dajin da suke saye daga 'yan ƙasa.

A 1873 shugabannin Ojibwe suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kanada, wadda ake kira Yarjejeniya ta Uku, bisa fahimtar cewa za su ci gaba da farauta da su kamar yadda suka saba. Ba a daɗe ba al'amura suka sauya. A ƙarshen shekarun 1880 kamfanonin kifi suka fara kafa manyan taruna a kudancin Lake of the Woods, suna neman istajin saboda namansa da ƙwansa mai tsada. Kifi ne da ke ɗaukar kimanin shekara ashirin kafin ya fara haihuwa, don haka cikin ɗan lokaci aka kusa ƙarar da shi. Asarar ta fi faɗa wa Ojibwe, waɗanda suka daɗe suna kama shi bai ƙare ba, kuma wajajen 1915 aka tattara al'ummominsu na bakin kogin aka haɗe su wuri guda a Manitou Rapids. Da istajin ya yi ƙaranci sai kamfanoni suka juya kan walai. Jirgin ƙasa ya iso garin Baudette da ke bakin kogin a farkon ƙarni na 20, kuma hunturu ya dace da wannan ciniki, tun da kifin da aka ciro yana daskarewa nan take, ya isa birane masu nisa bai lalace ba.

Shi kansa kogin bai tsira ba. Wajajen 1910 attajirin katako Edward Backus ya kammala madatsar ruwa tsakanin International Falls da garin Fort Frances da ke ɓangaren Kanada, aka kafa masana'antun takarda a gaɓoɓin biyu. Shekara da shekaru ana zubar da ɓawon itace da tarkacen masana'anta da ƙazantar gari cikin ruwa, har suka lulluɓe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai a kai. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda yarjejeniyar ruwayen kan iyaka ta 1909 ta kafa, ta bincika lamarin a shekarun 1960 ta tabbatar da munin gurɓatar. Daga nan aka tilasta tace ruwan masana'antu da na garuruwa, kuma zuwa shekarun 1980 kogin ya farfaɗo sosai. A tsakiyar waɗannan shekaru ne Minnesota ta kawo ƙarshen kamun walai na kasuwanci a nata ɓangaren tafkin. Waɗannan matakai biyu, fiye da kowace sabuwar na'ura, su ne tushen yawan kifin da ake gani a yau. Har istajin ya dawo.

Kafin nan wani sabon nau'in masunci ya riga ya bayyana, wato mai fatsa don nishaɗi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikata sun samu mota da hutun ƙarshen mako, masaukan baƙi suka yawaita a bakin kogin kusa da Baudette. Garin ya gina mutum-mutumin walai mai tsawon mita 12 a 1959, jihar kuma ta ayyana walai a matsayin kifinta na alfahari a 1965. Da farko harkar ta lokacin zafi ce kawai. Kayan aiki ne suka buɗe hunturu. A dā da sandar ƙarfe mai kaifin baki ake sarar ƙanƙara, aikin da kan cinye ƙarfin mutum idan kaurinta ya doshi mita ɗaya. Sai aka shigo da mahuji mai murɗawa da hannu daga ƙasar Suwidin, a shekarun 1950 kuma mai inji ya fito, yau ga mai batir da ke huda rami mai faɗin faranti cikin daƙiƙoƙi. Motocin Bombardier masu tafiya kan sarƙa, waɗanda aka ƙera a Quebec don likitoci da 'yan makaranta, su masu masauki suka saya suna kai baƙi can tsakiyar tafki, kuma har yanzu wasu tsofaffinsu na aiki. Kamfanin Polaris, wanda aka kafa a 1954 a garin Roseau da ke maƙwabtaka, yana cikin waɗanda suka yaɗa babur ɗin ƙanƙara.

Bargon da masuncin Ojibwe ke lulluɓa ya zama bukkar katako mai murhu, daga baya ta zama ɗaki mai taya da gadaje da abin ɗumama ɗaki. Wajajen 1980 wani masunci ɗan Minnesota, Dave Genz, ya fito da ƙaramar rumfa mai naɗewa da mutum ɗaya zai ja, ya kuma yayata amfani da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta nuna zurfi da motsin kifi. Hakan ya sauya salon kamun: maimakon a zauna a rami ɗaya ana jira, sai a riƙa huda ramuka ana bin kifi. Dokar Minnesota ta yarda mutum ya zura ƙugiya biyu da hunturu, kuma al'adar da ta kafu ita ce a riƙa kaɗa ɗaya mai ƙarfe mai walƙiya don jawo hankalin kifi, a bar ɗaya shiru da ɗan kifi mai rai, kusa da ƙasan ruwa.

Ƙanƙarar kogi dabam take da ta tafki, kuma a nan ci gaban kayan aiki bai rage haɗari ba. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minnesota tana cewa kada a taka sabuwar ƙanƙara garau sai kaurinta ya kai santimita 10, farar ƙanƙara mai gauraye da dusa kuwa rabin ƙarfin waccan gare ta. Amma a kogi ruwa na gudu a ƙasa yana cin ƙanƙarar, ta yadda za a samu kauri a nan, taku kaɗan gaba kuma ta zama siririya. Kwanar kogi, da gindin gada, da inda ƙaramin rafi ke shigowa, duk wuraren tsoro ne, kuma idan aka ƙara sakin ruwa daga madatsa lissafin jiya ba ya aiki yau. Wanda ya rufta a tafki yana iya kama bakin ramin, wanda ya rufta a kogi ruwa na iya jansa ƙarƙashi. Saboda haka mazauna wurin ne suka fi kamun kifi a kan kogin, da ƙafa ko da babur, suna tafe suna dukan ƙanƙara da sandar ƙarfe, yayin da dubban baƙi ke bin hanyoyin mota da aka share a kan tafki. A hunturun 2021, da annobar korona ta sa aka rufe iyaka, masu masauki sun share hanya mai tsawon kilomita fiye da 30 a kan tafkin don a kai ga yankin Northwest Angle na Minnesota ba tare da an ratsa Kanada ba.

Yawan jama'a ya jawo sababbin dokoki. Sa'o'in da masu fatsa ke shafewa a kan ƙanƙarar ɓangaren Minnesota na tafkin sun haura miliyan 2 a wasu shekarun baya-bayan nan. A 2019 aka rage adadin da mutum zai riƙe da hunturu zuwa kifi 6, walai da soga a haɗe, kuma walai kada ya wuce 4. Duk walai mai tsawon santimita kusan 50 zuwa 71 dole a mayar da shi ruwa, domin yawancin masu wannan girma mata ne masu ƙwai. A kogin kuwa, daga 1 ga Maris zuwa 14 ga Afrilu, lokacin da kifin ke hawowa, kamawa a saki kaɗai aka yarda. A 2023 majalisar jihar ta haramta barin shara da bahaya a kan ƙanƙara, bayan gangamin da mutanen Lake of the Woods suka fara. Lokacin kamun ma ya fara raguwa a wasu shekaru. Hunturun 2023 zuwa 2024 ya zo da ɗumin da ba a saba gani ba, ƙanƙara ta makara, kuma a ƙarshen Disamba sai da aka ceto masunta 122 a tafkin Upper Red da ke kudu da yankin, bayan ƙanƙarar da suke kai ta ɓalle daga gaɓa.