Daga Garmaho Zuwa Waya: Yadda Aka Kama Muryar Mawaƙi

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, duk waƙar da aka rera ta tafi ke nan, sai abin da mai saurare ya haddace. A 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar da allura ke karta sauti a jikin takardar kuza da aka naɗe a kan ƙarfe, in an sake juya shi ya maimaita abin da aka faɗa. Bayan shekara 10 Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya fito da faifai shimfiɗaɗɗe wanda za a iya buga dubbansa daga uwa ɗaya. Shi ne faifan garmahon da kakanninmu suka sani.

Faifan nan kuwa da danƙon ƙwaro ake yin sa a wancan zamani. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro a dazuzzukan Indiya da Tailan da ke manne wa reshen bishiya yana fitar da danƙo. Shi ake kankarowa a tace, a gauraya da garin dutse a buga faifai. Yana juyi 78 a minti, gefe guda kuma yawanci ba ya ɗaukar fiye da minti 3 da ɗan ɗoriya, don haka dole mawaƙi ya datse waƙarsa ta shiga. Gajerun waƙoƙin da Turawa suka saba da su har yau suna da alaƙa da wannan ƙunci.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin danƙon, kamfanoni suka karkata ga roba. A 1948 kamfanin Columbia ya fitar da faifan da gefensa ɗaya ke wuce minti 20.

A ganina, ba abin da ya yi wa waƙar Hausa rana kamar kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963. Makaɗin Hausa ba ya waƙar minti uku. Sai ya yi shimfiɗa, ya yi wa kansa kirari, ya ambaci iyayen gida ɗaya bayan ɗaya, 'yan amshi na karɓa. Kaset mai minti 60 ko 90 ya ba Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos filin da suke bukata. Ga shi da araha, kuma duk mai rakoda zai iya ɗaukar wasa a wurin biki ba sai ya nemi kamfani ba. Malamai ma sun ci moriyarsa wajen tafsiri da wa'azi, haka 'yan ci-rani da ke aika saƙon murya gida.

Faifan CD ya zo a 1982, daga baya waƙa ta koma cikin waya, ana turawa a shago ko a sauke ta intanet. Sai dai zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, kuma akwai waƙoƙin da ba a taɓa ɗaukar su a ko'ina ba sai a kaset ɗaya tak. Duk mai tsofaffin kaset a akwati, ya daure ya kai a juye su a kwamfuta tun zaren bai tsinke ba.