GRUB

GRUB, suna, mace. Ƙaramar manhaja da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, ta jero tsarukan aikin da ke ciki, mutum ya zaɓa. Erich Boleyn ya ƙirƙiro ta a 1995.

Mai son haɗa Windows da Ubuntu ya fara sa Windows, domin in ta zo daga baya takan ture GRUB. Mai gyara a Adjamé ko Treichville ya kula: kwamfutocin Abidjan yawanci madannan Faransa gare su, ita kuwa GRUB tsarin Amurka ta sani. Ka danna A, Q zai fito.

Misali: “Maigida, in GRUB ta fito, danna kibiyar ƙasa ka shiga Windows.”