Abin da Ingila Ta Yar, Jos Ta Adana

Ran Asabar, 23 ga watan Nuwamba na shekarar 1963, gidan watsa labarai na BBC a Ingila ya fara nuna wani wasa a talabijin mai suna Doctor Who. Wasan kuwa irin na ƙagaggun labaran kimiyya ne, watau labaran da akan ƙaga bisa abin da ake zaton ilmi zai iya kai ɗan Adam gare shi. Gogan labarin wani tsoho ne da ake kira Dakta, ba mutumin wannan duniya ba ne. Yana da jirgi wanda in ka dube shi daga waje sai ka ce 'yar rumfar 'yan sanda ce, amma in ka shiga sai ka tarar da shi makeke. Da shi yakan ratsa sararin samaniya, ya koma zamanin da ya wuce, ko ya leƙa wanda bai zo ba tukuna. Kowane mako akan nuna kashi ɗaya na misalin minti 25, a yanke daidai inda hankalin mai kallo ya tashi, kamar yadda gwanar tatsuniya takan ce sai gobe.

William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dakta. Da rashin lafiya ya kama shi a 1966, sai masu wasan suka yi wata dabara, suka ce ai Dakta in jikinsa ya gaji yakan sāke kama. Ta haka Patrick Troughton ya gaje shi, ta haka kuma wasan ya yi ta tafiya har 1989, sa'an nan aka farfaɗo da shi a 2005.

To, ga inda abin mamaki yake. A wancan zamani faifan da ake ɗaukar wasa a kai yana da tsada ƙwarai, ana kuwa iya goge shi a sāke ɗaukar wani abu. Ga shi yarjejeniyar da aka yi da 'yan wasa ba ta yarda a yi ta maimaita nuni ba. Da talabijin mai launi ya zo kuma, sai aka ga wa zai ƙara sayen baƙi da fari? Saboda haka daga wajen 1967 har 1978 BBC ta yi ta goge faifai, tana zubar da finafinai. Da aka farga aka shiga ƙidaya, sai aka tarar wasan ya yi giɓi mai yawa, musamman na zamanin Troughton.

Abin da ya cece su shi ne ciniki. Kafin a goge faifai, akan juye wasan a kan fim irin na majigi, a sa a gwangwani, a sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje. In wannan ƙasa ta gama nunawa sai ta miƙa wa waccan, wadda ta zo ƙarshe kuwa ita ce za ta mayar Ingila ko ta lalata. Nijeriya na cikin masu saye, gama tun 1959 aka buɗe talabijin a Ibadan, a 1962 aka buɗe na Jihar Arewa a Kaduna, na Jos kuma ya biyo baya a 1974. Sau da yawa tafiyar gwangwanayen nan a nan ƙasar take ƙarewa. Tun a tsakiyar shekarun 1980 aka samo waɗansu labarai na zamanin Hartnell a Nijeriya aka mayar.

Amma babbar tsintuwa sai a 2013, shekarar da wasan ya cika hamsin. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ya ɗauki bin ɗakunan ajiya na gidajen talabijin sana'a, ya shiga wani ɗaki a wata tashar talabijin a Jos, ya hangi gwangwanaye bisa kanta da sunan wasan rubuce a jiki. A watan Oktoba BBC ta ba da sanarwa cewa an samo kashi 9 waɗanda aka fid da tsammaninsu. Da ma kashi 106 ne suka ɓace, sai suka koma 97, daga cikin 253 na shekaru shida na farko. Zafi da laima su ne maƙiyan fim, Jos kuwa gari ne mai sanyi a bisa tsauni.

Labari biyu ne a ciki. Na farko, The Enemy of the World, watau Maƙiyin Duniya, an nuna shi daga Disamba 1967 zuwa Janairu 1968. A ciki Troughton ya fito mutum biyu, ga Dakta, ga wani azzalumi mai kama da shi, Salamander, wanda ya tsare mutane a ƙarƙashin ƙasa, ya ruɗe su cewa yaƙi ya lalata duniya, yana sa su tayar da girgizar ƙasa don mulki ya dawo hannunsa. An ƙaga labarin a kan shekarar 2018, ga shi yanzu ta zo ta wuce. Na biyu, The Web of Fear, watau Yanar Tsoro, na 1968, labarin waɗansu dodanni ne na ƙarfe masu gashi da suka mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan. Na farkon ya cika cif, kashi 6. Na biyun kuwa kashi na 3 bai kai Ingila ba. Morris ya ce ya gan shi tare da sauran, amma kafin a kwashe ya yi ɓatan dabo.

Kai mai karatu, kada ka ɗauka wannan labarin Turawa ne kurum. Masu abu, da kuɗinsu da ilminsu, sun raina shi sun yar, sai ga shi bayan shekara 45 suna murna da abin da aka bari bisa kanta. Mu ma muna da namu. Wasannin Samanja da na Karkuzu a kan irin wannan faifai mai lalacewa aka ɗauke su. A Kazaure, masarautar da Ɗan Tunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, da Roni da Gwiwa da Babura, akwai gidajen malamai da na sarauta. Duk inda tsohuwar wasiƙar ajami take cikin gafaka, ko kaset na makaɗan fada, ko hoton hawan salla, to gara da ruwan damina suna nan suna jira.

Wanda ke da irin waɗannan ya kamata ya ɗaga su daga ƙasa, ya raba su da laima, ya rubuta suna da shekara a jiki, in da hali a juye su a kwamfuta a ba makaranta ko fada kwafi. Ba shi ne zai san darajarsu ba, jikokinsa ne. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.