Farin tsuntsun da na gani a Dutsen Abba: zare 🧵

1/
Jama'a, da kakar bana na raka kawuna gona a wajen Dutsen Abba. Muna ɗaure dawa na ɗaga kai, sai ga tsuntsu fari tas ya tsaya cak a iska, yana kaɗa fiffike bai gaba bai baya. Na ce “Kawu, mene ne wancan?” Ko duba na biyu bai yi ba, ya ce “farin shaho ne, ɓera yake dako.”

2/
Na ɗau hoto na sa a nan. Cikin awa guda an raba min shi uku: wasu sun ce zabiya ne, wasu farar ungulu, wasu kuma aljani. Sai wani ya biyo ni ta saƙo: “A wane waje daidai ka gan shi? Akwai kuɗi.” Wannan tambayar ce ta sa na shiga tonon tarihi. Ku biyo ni.

3/
Fari a tsuntsun farauta iri biyu ne. Akwai wanda haka jinsinsa yake. Akwai kuma wanda jikinsa ya rasa sinadarin da ke rina gashi, sai ka ga shirwa ko shaho ya fito fari alhali danginsa duk masu duhu ne. Na biyun ne abin mamaki, ba kasafai ake dacewa da shi ba.

4/
Cikakken zabiya idonsa ja ne. To amma kar jan ido ya ruɗe ku, farin shaho ma in ya girma idonsa jawur ne. Dubi kafaɗa: in baƙa ce, baya ruwan toka, ƙirji fari, to farin shaho ne, lafiyarsa ƙalau. Na zuƙo hotona, kafaɗa baƙa. Kawu ya ci ni.

5/
Ta yaya na tabbatar? Saboda akwai waɗanda suka rubuta. A 1885, zamanin Sarkin Zazzau Sambo, Jamusawa biyu, Paul Staudinger da Ernst Hartert, suka iso Zariya a hanyarsu ta Kano da Sakkwato. Hartert tsuntsaye yake tarawa. Daga baya ya zama babban masaninsu a Ingila.

6/
Shekara tamanin bayan nan, 1965, wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Hilary Fry, ya wallafa jerin tsuntsayen Zariya a mujallar ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964. Wato garinmu na cikin wuraren da aka fi sanin tsuntsayensu a Arewa.

7/
Sai dai fa kafin su, kakanninmu sun riga sun raba wa kowa suna: shaho, shirwa, gaggafa, mikiya, juhurma, ungulu. Turawa sun sa a takarda, namu sun sa a baki. Gaskiya tsakani da Allah, nawa cikinmu za su bambanta uku daga ciki in sun gifta?

8/
Yanzu zancen farar ungulu. Akwai ta, masana na ce mata ungulun Masar: jiki fari, bakin fiffike baƙi, fuska rawaya. Wasu a yankin Sahel suke zama, wasu kuma daga Turai suke tsallako hamada su yi sanyi a wajenmu. Amma ba a haifarta da fari, sai ta kai wajen shekara 5.

9/
A 2013 masu bincike a dajin Dadia na ƙasar Girka suka ɗaura wa wani ɗanta na'urar bin sawu, suka raɗa masa Paschalis. Ya tsallake teku, ya tsallake Sahara, ya sauka kudancin Nijar. A Fabrairun 2014 aka harbe shi a yankin Damagaram. Bai ma kai ga yin fari ba.

10/
Da aka bi sawu, maharbin daga Nijeriya ya tsallaka, kuma kasuwar masu neman kan ungulu don tsibbu yake yi wa farauta. Kun gane yanzu abin da mai turo min saƙo yake nufi da “akwai kuɗi”?

11/
Ba shi kaɗai ba ne. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsayen farauta a hanyoyin Burkina Faso, Mali da Nijar daga 1969 zuwa 1973. Ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. A wajen gandun daji, manyan ungulaye irin su mikiya sun ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari.

12/
Ita ma ungulun gida, ta kwata da bola, a 2015 aka sa ta cikin jerin masu dab da ƙarewa a duniya. Ku tambayi iyayenku yadda take cika rimayen Zariya da kan rumfar mahauta a da. Yaushe rabonku da ganin ko ɗaya? Ni dai na kasa tunawa.

13/
Kamu don sayarwa, guba a mushe, sare manyan itatuwan da take sheƙa: su suka taru suka share ta. Mu har gobe muna cewa “ungulu da kan zabo”, amma ƙanina ɗan shekara 10 a waya kawai ya san kamanninta. Karin maganar ta fi mai ita tsawon rai.

14/
Kuma asarar tamu ce. Ungulu na kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Farin shaho ɓera yake ci, ɓeran nan da ke shiga rumbun kawu. Ba ya karɓar ko sisi.

15/
Roƙona: in ka ga farin tsuntsun farauta, ɗau hoto daga nesa. Rubuta rana, lokaci, launin ido, ƙafa da kafaɗa. Ka ajiye, haka su Fry suka fara. Amma kar ka faɗi gona ko bishiyar a fili, balle sheƙa. Ka kuma ja kunnen yara masu danƙo.

16/
Mai saƙon nan ban ba shi amsa ba. Na koma gonar sau biyu. Na farko shiru. Na biyu, gab da magariba, yana kan wayar lantarki yana ɗaga jela sama da ƙasa. Kawu ya ce “ka bar shi, yana bakin aiki.” Wa ya taɓa ganin irinsa a garinsu? Ku faɗi gari kawai, ban da unguwa.